Yadda Munka Je Neman Aure a Duwatsun Sapa

Tun da munka dawo ban huta ba. Matan zumunta sun tare ni a ƙofar majami'a, maƙwabta sun tare ni a bakin famfo, har mai tattasai a kasuwa ya ƙi auna mani sai na gaya mashi ko da gaske ne mutanen can ba su san gero ba. Bakina ya gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta, a bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Hannatu, ungozoma a asibitin haihuwa na nan Dogon Dutsi kafin in aje aiki. Mijina Iliya, kowa Mushe yake ce mashi, wato malam da Faransanci, har da ni, ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa a kolej. Babu dutsen duniya da bai san tsawonshi ba, a kan allo. Ɗanmu na fari, wanda muke ce ma Magaji, ya samu tallafin karatun kwamfuta a Hanoi, babban birnin Biyetnam, ya gama, ya samu aiki, ya zauna. Shekara bakwai ke nan.

Wata Lahadi bayan sujada ya kira uban a waya, ni ina gefe ina jin komi.

"Baba, na samu wadda nike so in aura."

"Madalla. Ɗiyar wa?"

"Suwa."

"Su wa? Kai Magaji, su nawa ne? Kirista guda yake aure!"

"Baba, sunanta ke nan. Suwa. Ita kaɗai ce."

Sai da anka ɗauki lokaci kafin maganar ta daidaita. Yarinyar ƴar kabilar Mong ce, mutanen kan duwatsu na arewacin ƙasar, kuma su ma masu bi ne. Ta yi karatun Faransanci a Hanoi, can sunka haɗu. Amma akwai matsala. Ubanta ya ce shi ba ya ba da ɗiyarshi ga mutumin da bai ga iyayenshi ba, don bai sani ba ko daga jirgi yaron ya faɗo. In ana son Suwa, uwa da uba su tako har ƙofar gidanshi.

Na ce, "Wannan tsoho ya san abin da yake yi. Ni ma haka zan ce."

Mushe ya ce, "A kan dutse suke? To, mu da anka yanke ma cibiya a Dogon Dutsi, dutse zai ba mu tsoro?"

Munka tashi cikin bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana. Mota ta kai mu Yamai ta Doso, jirgi ya kai mu Istambul, wani jirgin ya ɗauke mu daga can. Na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, na farka, har yanzu muna sama. Na tambayi Mushe ko direban ya ɓata ne, ya zaro biro zai zana mani duniya a bayan tikiti, na ce na yafe.

A filin jirgin Hanoi anka raba mu layi biyu. Wanda ya karɓi paspor ɗina saurayi ne, fuskarshi kamar an goge ta da dutsen guga. Da ɗan guntun Faransancinshi ya tambaye ni wurin wa na zo. Na ce wurin ɗana. Ya ce sunanshi? Nan na tsaya. Ɗan fari ne fa. Shekara talatin da biyu bakina bai taɓa kama sunan yaron nan na baftisma ba, yau a gaban baƙo zan fara? Mutumin ya sake tambaya, layi ya yi tsawo a bayana. Sai na ɗaga murya:

"Mushe! Gaya ma wannan sunan yaron nan!"

Mushe ya kwaɗa sunan daga can layinshi kamar mai kiran rajista, duk zauren ya juyo. Saurayin ya dube ni, ya dubi takardar gayyata, ya buga hatimi. Na tabbata har yau yana ba abokanshi labarin matar da ta manta sunan ɗanta.

Wajen masu binciken kaya kilishin da na ɗauko ya tsaya, wai ba a shiga da nama. Goro kuwa sunka yi ta juya shi suna shinshinawa, har sai da Mushe ya ɓare guda ya tauna a gabansu, sunka jira ya faɗi, bai faɗi ba, sannan sunka bar mu.

Magaji na waje yana jira. Ya rame, amma ya ce ba rama ba ce, haka ake yayi. Kwana biyu munka yi a Hanoi, garin da babura sunka fi tururuwa yawa, sannan da safe munka shiga motar Sapa. Motar ba kujeru a cikinta, gadaje ne hawa biyu. A bakin ƙofa ka tuɓe takalmi a ba ka leda ka zuba, kamar za ka shiga ɗakin amarya. Ni gadon ya yi mani daidai. Mushe kuwa, da kun san tsawonshi, in ya miƙe ƙafa kai ya bugi bango, in ya gyara kai gwiwa ta kai haɓa. Haka ya yi awa shida a naɗe kamar tabarma. In an tsaya shan ruwa, akwai kwandon silifa na kowa da kowa a bakin ƙofa. Babu wanda ya wuce rabin ƙafarshi, sai ya riƙa tafiya da ɗage kamar ɗan rawa.

Daga garin iyaka da Sin mota ta fara hawa, tana lanƙwasa nan tana lanƙwasa can, kunnuwana sunka toshe. Da munka sauka a Sapa na ɗauka gobara ake yi, ko'ina hayaƙi. Magaji ya ce girgije ne. Girgijen da muke ɗaga kai muna roƙo ya tsaya a kan gonakinmu, can yana yawo a titi kamar akuyar da ba ta da mai ita. Na buɗe tagar masauki ya shigo mani har kan gado. Sanyi kuwa, a watan da mutanen Dutsi ke kwana a tsakar gida! Gadon da bargo mai igiyar lantarki. Na ce ni ba na kwanciya a kan wutar kuran da raina, na cire shi, na shimfiɗa zannuwana uku. Na wanke kallabi na shanya ranar da munka iso, ranar da za mu tashi ya fi jiƙewa.

Da marece Suwa ta sauko daga ƙauyensu ta gaishe mu. Ƴar ƙarama, fara, da wushirya, ido kamar za ta yi dariya kullum. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Ina kwana, Inna," rana tana shirin faɗuwa. Na amsa mata lahiya lau, na harari Magaji da ya koyar da rabin darasi. Na kama hannunta, hannun mai aiki ne, ba na ƴar birni ba. Raina ya kwanta da ita tun a nan.

Ta kai mu cin abinci. Anka kawo shinkafa da anka dafa cikin gora, da romon kaza. Na ɗaga cinya na ga baƙa ƙirin, fata baƙa, nama baƙi, har ƙashi. Na aje. Na ce, "Magaji, wa anka yanka ma wannan? A wajenmu baƙar kaza sai ƴan bori, ka tambayi mutanen Lugu." Suwa ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka Allah ya halicci irinsu, kuma masu jego ake ba. Da na ji zancen jego sai na ɗanɗana, aikina ne. Ta yi daɗi. Sandunan cin abinci kuwa, Mushe ya yi ta kokawa da su har wata tsoka ta tashi ta sauka a teburin maƙwabta. Daga nan ya wanke hannu ya ci kamar ɗan halak.

Abu guda ya dame shi a garin: mata masu talla. Tsofaffi ne da kwanduna a baya, cike da jakunkuna da mundaye. In guda ta kama ka da murmushi, za ta bi ka daga majami'ar dutse da ke tsakiyar gari har ƙofar masauki. Kafin kwana biyu Mushe ya ƙware da kaɗa hannu yana cewa, "Non merci, madame," ko bai duba ba.

Washegari Magaji ya ce sai mun hau Fansifan, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar. Ba da ƙafa ake hawa ba. Wani akwatin gilashi ne rataye da igiyar ƙarfe, ya ɗauki mutum kamar talatin. Mushe ya shiga yana bayani, yana gaya mamu yadda duwatsu ke tsirowa, kamar yana aji. Akwatin ya bar ƙasa. Bayani ya tsaya a tsakiyar kalma. Na duba ƙasa na ga gidaje kamar ƙwayar wake, na duba Mushe na ga ido a rufe, ya damƙe wuyan hannuna. Ya yi Addu'ar Ubangiji da Hausa, ya sake da Faransanci, wai ko da wadda ta fi saurin isa. Da munka kai, ga matakala ba iyaka, numfashi ba ya isa ƙirji. Munka daure munka kai ƙololuwa, kuma ba mu ga komi ba. Fari fat, kamar an kife mu cikin ƙwaryar nono. Hoton da munka ɗauka, in ba don hular Mushe ba, sai ka ce takarda ce ba a yi rubutu ba.

Da ƙafarshi ta sake taka ƙasa ya ce, "Madam, ki zama shaida. Daga yau ƙahwata kaɗai na yarda da ita."

Wannan rantsuwa ita ta jawo mamu abin da ya biyo baya.

Ranar zuwa gidan su Suwa, ita ta riga ta koma tun jiya don shiri. Mota ta kai mu inda kwalta ta ƙare, daga nan sai kabu-kabu. Mushe ya sha babbar rigarshi ta farar shadda mai aiki, takalmi sau ciki ya sha mai, a aljihu kuma da jawabin neman aure shafi huɗu da ya rubuta da Faransanci. Ya dubi baburan, ya dubi hanyar da ke manne da gefen rami, ya ce shi da ƙafa zai tahi.

"Baba, an yi ruwa jiya. Akwai santsi."

"Ina yaro a Kiyeshe, da gudu nike hawan dutse ina bin awaki."

"Baba, wancan tudu ne."

"Kai na haifa ko ni ka haifa?"

Dole Magaji ya hau babur da kayan gaisuwa ya bi doguwar hanya, ya nuna mamu ta ƙafa: mu bi ta tsakanin gonaki, kada mu kauce, rabin awa za mu ga majami'ar katako, gidan na bayanta. Ni ba zan bar mijina shi kaɗai a dutsen mutane ba, na ɗaure zane na bi shi.

Gonakinsu abin kallo ne. Sun yanka jikin dutse hawa hawa kamar matakala, kowane hawa cike da ruwa, ƴar katangar laka ce ke tare shi. Lokacin dashen shinkafa ne. Ba mu yi nisa ba sai ga wata tsohuwa zaune a kan dutse a bakin hanya, da kwando a baya da laima a hannu. Tsawonta bai wuce kafaɗata ba. Tufafinta baƙin shuɗi, hannuwanta ma shuɗi har wuyan hannu, irin na kakata da ke rini da baba. Ta tashi ta bi mu.

"Non merci, madame," in ji Mushe.

Ta yi murmushi ta ci gaba da binmu.

Faɗuwar farko a kan wani dutse mai gansakuka ce, ya zauna daɓas. Ya tashi ya ce yana duba irin dutsen ne. A ta biyu, wajen tsallake wani ɗan rafi, tsohuwar ta miƙo mashi hannu, ya kaɗa nashi ya ce da Hausa, "Baiwar Allah, ki rabu da mu, ba mu sayen komi!" Bai rufe baki ba ƙafa ta tafi, takalmi guda ya bi ruwa. Ita ta tsamo shi da bakin laima. Ni kam na ba ta hannuna tun tuni, kuma riƙonta kamar na maƙeri. Da ta yi dariya na ga bakinta, na sake dubawa da kyau.

"Mushe, dubi haƙoran matar nan."

"Mi zan duba a bakin tsohuwar mutane?"

"Wushirya gare ta."

"Madam, rabin duniya na da wushirya. Tahi mu tahi."

Muna zagaya wata kwana sai ga ɓauna a tsakiyar hanya, ƙaho kamar baka, tana tauna tana kallonmu. A wajenmu ɓauna sai a bakin maharba, wanda ya kashe guda har jikokinshi na kirari da ita. Can kuwa ita ce saniyar noma. Mushe bai tsaya jin wannan bayani ba. Ya yi tsalle gefe ya sauka a kan katangar gona, katangar ta ce ba ta san da wannan nauyi ba. Ya tafi da baya cikin laka, ƙafafu sama, babbar riga ta buɗe a kan ruwa kamar an shanya ta.

Ni da tsohuwar munka ja shi, rabin ƙarfin nata ne. Ya miƙe, ba a gane shadda ba a gane mutum. Na ce mu yi sauri ko a samu ruwan wanka kafin surukai su gan shi. Bai ji ni ba. Yana kallon inda ya fasa. Ruwan gonar yana ta kwarara ta ɓarakar, yana kwashe ƴan shinkafar da anka dasa.

"Madam, ruwan mutane!"

Ya tattare rigar ya ƙulle a ƙugu, ya durƙusa cikin lakar, ya fara kwasowa da hannu biyu yana toshewa. Na ce, "Mushe, ana jiranmu." Ya ce, "A jira. Ubana ya mutu yana kallon sama don wannan abin, ni ba ni zubar da na wani in wuce." Laka tana zamewa yana sake ɗorawa. Tsohuwar ta tsaya tana kallonshi, ta daina dariya. Can ta aje kwando ta shiga, ta nuna mashi yadda ake haɗawa da ciyawa a take da dunduniya. Sunka yi ta yi su biyu ba mai jin yaren wani, har ruwan ya tsaya. Ya bi shinkafar da ta kwanta ya tsayar da ita ɗaya ɗaya.

Rabin awar Magaji ta zama awa biyu. Da munka iso, ga mutane cike da ƙofar gida, ga Magaji yana kai da kawowa. Da ya ga uban sai ya dafe kai. Tsohuwar kuwa ta wuce mu, ta shiga gidan kai tsaye, ta rataye kwandonta a ƙusa. Suwa ta fito da gudu ta kira ta da wata kalma da ko ba ka jin yaren ka san uwa ake nufi.

Mushe ya juyo a hankali ya dube ni.

Na ce, "Rabin duniya."

Anka dafa mashi ruwa da ganyaye ya yi wanka. Kayanmu na masauki, sai uban Suwa ya ba shi nashi: baƙin wando da ya tsaya mashi a gwiwa, da riga da ta ƙi haɗuwa a ciki. Haka ya fito ya zauna a kan ƴar kujera kamar ta tsakar gida, gwiwoyi a kunne, a gaban dattawan dangi. Babu wanda ya yi dariya, kuma na san abin da hakan ya ci masu.

Munka miƙa goro. Uban, ɗan tsamurmurin dattijo marar magana, ya gatsa, fuskarshi ta tattare wuri guda, ya haɗiye da ƙyar ya ce ya gode. Mushe ya laluba jawabi, ya tuna yana aljihun babbar riga. Anka ɗauko, ya zama dunƙulen fura. Ya juya shi a hannu ya aje. Ban taɓa ganin Mushe ya rasa abin cewa ba sai ran nan. Magaji ya sunkuyar da kai, Suwa na bayan ƙofa tana murza bakin rigarta.

Sai ya yi magana da Hausa, Magaji na juyawa Faransanci, Suwa na juyawa yarensu.

"Ni ne uban yaron ga, ga uwarshi. Ba daga jirgi ya hwaɗo ba. Mun zo roƙon ɗiyarku. Na yi ma uwar gidan nan rashin kunya a hanya, ban san ita ce ba, ko da ba ita ba ce ma bai kamata ba. In za ku hana, ku hana don ni, yaron ya fi ni hankali."

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ba shi da tambaya, matarshi ya aika tun da safe ta yi mashi tambayar a hanya. Kowa ya juya wajenta. Ta goge hannu a zane ta yi magana mai tsawo, mutane na ta ƙunshe baki. Suwa ta ce ba za ta iya fassarawa ba. Na ce, "Ɗiyata, faɗi duka, na shekara talatin da biyar ina son wani ya faɗa."

Ta ce, "Inna ta ce mutumin ba ya jin magana, bai iya tafiya ba, kuma ya fi ɓauna nauyi. Ta ce amma gonar da ya fasa tamu ce, shi bai sani ba, kuma bai san wa ke kallonshi ba. Ta ce a ba su."

Dattijon ya ɗauki sauran goronshi, ya dube shi kamar magani, ya jefa a baki ya cinye. Daga nan anka fara shigo da abinci.

Da anka natsa, uwar Suwa ta ja ni madafa, ta zaunar da ni a bakin murhu, ta kira ɗiyarta ta tsaya tsakaninmu. Ta ce ita tsoronta guda ne, wata rana a tafi mata da ɗiya ƙasar da ko sunanta ba ta iya faɗi. Ta ce ni da nawa ya shekara bakwai a nesa, yaya nike yi?

Na ce, "Ba a iyawa. Sai dai ki koyi rage awon tuwo."

Ta jinjina kai. Ta ce to, muddin yana ƙasarsu, kada in sake tunanin cikinshi, ita za ta cika shi. Na ce in sun zo Dutsi, tata ba za ta ɗauki ko tulu ba. Munka riƙe hannun juna, nata shuɗi nawa baƙi, Suwa na tsaye ba abin da za ta fassara.

An sa biki bayan girbin shinkafarsu. Mushe ya karanta wannan kafin in ba kowa, ya gyara mani waƙafi a wuri shida, ya ce sauran duk daidai ne sai abu guda: in rubuta cewa sau ɗaya ya faɗi. To, ga shi na rubuta abin da ya ce.

Sau uku ne.